Sojan da Yake Tsoron Ruwa

Jirgin ruwan yana tsakar nutsewa Baba Nababa ya tsayar da jakinsa a ƙofar shagon Munir. Ni ina daga ciki. Caji na kawo wayata, amma don kada in yi ƙarya, na samu guri a benci na zauna, duk da faɗan da nake yi wa samarin garinmu a kan kallon finafinan fassara. Na yaƙi aka sa ranar. Wani soja ne ya ci amanar abokinsa, ya canza suna ya ɓuya a wani gari, ƙanin abokin kuma yana bin sawunsa da bindiga. An koma baya ana nuna yadda abin ya faru, ga sojoji cikin jirgi, ga harsashi ta ko'ina, mai fassara yana ta zuba kamar a gabansa aka yi.

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Ba haka ruwa yake yi ba."

Muka waiga. Baba Nababa ne a tsaye, igiya a hannu, mangalar jakin cike da taki, idonsa ƙur a kan talabijin. Mutumin da ko rediyo ba ya saurare.

"Baba, shigo ka zauna mana," in ji Munir yana dariya. "Kai da ka yi na gaske, zo ka gyara musu."

"Ba a ihu," tsohon ya ce. "Ruwa ba ya bari a yi ihu."

Daga faɗar haka sai bakinsa ya karkace. Igiyar ta suɓuce masa, ya jingina da jakin, ya sulale ƙasa. Aka ɗauki salati. Wani ya kashe talabijin. Muka sauke jarkokin da ke cikin kurar ruwan Munir muka kwantar da shi a ciki, na tura shi har gida, jakin yana biye da mu ba wanda ya ja shi.

Ni Mika'ilu tashi na yi na tarar da Baba Nababa a ƙauyenmu, kamar yadda na tarar da kukar bakin masallaci. Darni ɗaya ne tsakanin gidana da ɗakinsa, wani darnin kuma tsakaninsa da gidan Inna Kaltume. Abin da manya suka ba mu labari shi ne, bayan an gama yaƙin basasa wani saurayi ya shigo gari a ƙasa ta hanyar Kunci, da 'yar jaka a kafaɗa, yana tambayar gidan Tahira, uwar Yahya. Yahya shi ne ɗan garinmu ɗaya tilo da ya shiga soja. Baƙon ya ce sunansa Nababa, abokin Yahya ne, tare suke ci tare suke kwana. Ya ce harsashi ne ya sami Yahya a ƙirji, bai wahala ba, an yi masa wanka da salla, shi da kansa ya sa shi a kabari. Ya ce kuma Yahya ya bar masa amanar mahaifiyarsa.

Mutane suka ɗauka kwana biyu zai yi ya wuce. Bai wuce ba. Mai unguwa ya yanka masa ɗan fili a jikin gidan, shi kuma baƙon ya kama gonar Yahya ya shiga nomawa. In kaka ta yi, ya kai dammunan gero rumbun tsohuwa Tahira, ya ɗebi abin da zai ci kawai. Da ta makance shi ne idonta. Da ta rasu bai fasa ba, sai ya koma kai wa 'yarta Kaltume, ƙanwar Yahya, wadda ta dawo gidan daga Tofa bayan rasuwar mijinta. Ita kuma kullum magariba sai ta fito da kwanon tuwo rufe da faifai, ta ɗora a kan wani tsohon turmi da aka kife a bakin darninsa. In ya ci ya wanke ya mayar. A garinmu in ana so a kwatanta riƙon amana, da su biyun ake misali.

Sai dai mun tsokane shi, Allah ya yafe mana. Sojan da yake tsoron ruwa, haka muke ce masa. Ba ya cin kifi, ko busasshe. Bai taɓa zuwa bakin dam ba. Da damina in kwarin bayan gari ya kawo ruwan da bai wuce idon sawu ba, sai ya zagaye ta can wajen maƙabarta, yara suna tsallakewa suna yi masa dariya. Ya taɓa aure sau ɗaya, wata 'yar Shanono, ba ta rufa shekara ba ta tattara kayanta, wai ba za ta iya da mijin da yake iyo a kan tabarma cikin barci ba. Ga kuma rigarsa mai dogon hannu, ko da bazara, ko yana huɗa, maɓallin hannun a ɗaure. Alwala ma a ɗaki yake yi ya fito. Mu dai mun ɗauka tsabar kunya ce.

Mai duba marasa lafiya na ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ya zo a babur ya auna shi. Ya ce hawan jini ne, ɓarin hagu ya shanye, a kai shi birni.

"Ba inda za ni," in ji Baba Nababa. Maganar tana fita da ƙyar, amma ana ganewa. "Nan na zo, nan zan tsaya."

Ba shi da ɗa, ba shi da ɗan'uwa. Jinya ta faɗo kaina, ni da mai ɗakina Rahmatu, ita dama kunu ni ɗagawa da kwantarwa. Ba zan ce ban yi mita ba. Lokacin kai taki ne, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, kowa yana ta gonarsa, ni ina zaman ɗaki da tsoho ina korar ƙuda.

Da ya ɗan samu bakinsa, sai ya aike ni in yi masa abin da tsofaffinmu suke yi in sun ji jikin ya ƙi. Ya ce in bi gida-gida in nemar masa gafara. Na bi. Ko'ina amsa ɗaya ce. "Haba, me Nababa ya taɓa yi wa wani? Mun yafe duniya da lahira, mu ma ya yafe mana." Liman Malam Ikrima har da hawaye. Na bar gidan Inna Kaltume a ƙarshe don na ɗauka nan ne mafi sauƙi.

Na same ta a gindin bishiyar tsakar gida tana tsintar kalwa a faifai, za ta yi daddawa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi saƙo.

"Ka ce ina gaishe shi," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Inna, gafara ya ce a nemar masa."

"Na ji ka, Mika'ilu. Kunnena ƙalau. Ka ce ina yi masa sannu."

Na fito raina a ɓace. Na ce a zuciyata, tsufa dai da rigima yake. Mutum ya yi miki bauta shekara hamsin da ɗoriya, kalma ɗaya ta gagare ki? Da na koma na lissafa masa waɗanda suka yafe, sai ya katse ni.

"Kaltume fa?"

"Tana gaishe ka."

Ya rufe ido. Bai buɗe ba sai da aka kira azahar.

Ranar ce ya fara yarda in yi masa alwala. Kafin nan taimama yake yi da hannu ɗaya, ya juya mini baya. Na kawo buta, na wanke masa fuska, na kai hannu zan kwance maɓallin rigarsa na hagu, sai na tsaya ina jiran ya hana ni.

"Kwance," ya ce.

Na naɗe hannun rigar. Fatar wurin fara ce sol, ba ta taɓa ganin rana ba. A tsakiyar dantsen, ƙasa da gwiwar hannu, ga wani tsohon tabo, layi biyu a lanƙwashe suna fuskantar juna, naman tsakiya ya lotsa. Duk wanda ya taɓa raba yara faɗa ya san wannan tabon.

"Kare ne, Baba?" na tambaya, alhali na san ba kare ba ne.

"Haƙoran Yahya ne."

Na ajiye butar.

"Sunana ba Nababa ba ne. Basiru ubana ya raɗa mini. Kuma Yahya ba shi da kabari, Mika'ilu. Ƙarya na yi wa tsohuwa."

Ya ba ni labarin a gutsuttsure, yana hutawa, ina goge masa yawu. An zuba su a jirgin ruwa za su tsallaka wani babban kogi a kudu. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne daga nan arewa, ba wanda ya iya iyo. Suna tsakiyar ruwa aka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar, jirgin ya kama da wuta ya kife. Shi ya dace da wani katako ya rungume. Sai ga Yahya ya ɓullo kusa da shi ya cafki hannunsa.

"Katakon ya yi ƙasa, ruwa ya shiga hancina. Na fizge. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga hannu ya ƙi, sai ya kama ni da baki. Ba cizon faɗa ba ne, Mika'ilu. Riƙo ne. Sai na sa tafin hannuna a fuskarsa na danna."

"Baba, tashin hankali ne. Kowa ta kansa yake yi a irin wannan..."

"Katakon zai ɗauke mu mu biyu." Ya juyo da ido ɗaya mai motsi ya kalle ni. "Ba ranar da ban auna shi a raina ba. Zai ɗauke mu."

Tausayinsa ya kama ni, tsoronsa ma ya kama ni, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ya ce akwai waɗanda suke cikin ruwan da suka gani, shi ya sa ya bar sunan Basiru a can. Garinsu ma bai koma ba. Kwatancen da Yahya yake yi masa na gidansu ya bi, kukar masallaci, ɗorawar da ke tsakiyar gona, ƙanwa mai tsiwa. Ya zo ne da niyyar faɗar gaskiya a yi masa duk abin da za a yi. Da ya ga tsohuwa ta fito tana goge hannu a zani, sai bakinsa ya faɗi wani abu daban.

"Akwai maganar da Yahya ya yi a cikin jirgin kafin a fara harbi," ya ce. "Ta Kaltume ce. Ban iya ba ta ba, don na riga na ce a tudu ya mutu." Ya gaya mini maganar, sannan ya riƙe mini riga da hannun dama. "Kada ka faɗa mata. Ni zan faɗa da bakina. Ka ce kawai ta zo."

Washegari da hantsi na koma. Tun daga zaure nake shirya yadda zan lallaɓa ta ba tare da na fasa ƙwan ba. Ta dafa kalwar, tana zaune tana wanke ta a ƙwarya, tana murza ɓawon.

"Inna, jikin nan ba na tashi ba ne. Ki daure ki leƙa. Akwai abin da yake so ya gaya miki."

"Ya nuna maka hannun ke nan."

Na zauna a ƙasa ba tare da an ce in zauna ba.

"Kin sani?"

"Tun ba a yaye ka ba." Ta tsiyaye ruwan ƙwaryar ta zuba wani. "A Tofa, maƙwabcinmu wani tsohon soja ne mai ƙafa ɗaya, Khalilu. Da ya ji ni ƙanwar Yahya ce, ya aiko a kira ni. Yana cikin ruwan. Ya ce wani Basiru ne ya danna Yahya a ruwa, kuma duk inda yake akwai haƙoran yayana a hannunsa na hagu. Na gaya wa Kawu Muhammadu Sani, ka san shi maharbi ne. Ya ɗora hannu a kan bindigarsa ya rantse, ko a Makka ya ga Basirun nan sai ya harbe shi. Muka ɓoye wa Iya."

"To, shi Baba..."

"Tare da shi Kawu yake zama yana wannan rantsuwar. Shi yake riƙe masa jakar albarushi." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na zo ganin gida da goyon fari. Na tarar Nababa yana yi wa Iya yaɓen rumbu, shi kaɗai, ya naɗe hannun riga don ba kowa a gidan sai makauniya. Na shigo ba sallama, gidanmu ne. Yana wanke laka a hannu. Na gani, ya ga na gani. Sai ga muryar Iya daga ɗaki, 'Nababa, ɗana, ka sha furar kuwa?'"

Hannunta yana ta murza ɓawon.

"Kalma ɗaya zan faɗa wa Kawu, a wuce wurin. Na kwana da ita a bakina. Amma in an harbe shi, wa zai ja Iya zuwa bayan gida? Wa zai nome gonar? In ce mata ɗanki kifi ne ya cinye shi, wanda kike sa wa albarka kuma shi ya danna shi? Na haɗiye. Don ita na haɗiye."

"Ai Iya ta daɗe da rasuwa, Inna."

"Ta daɗe. Ranar sadakar bakwai ya same ni a zaure. 'Kaltume, akwai wata magana.' Na ce tuwona zai ƙone. Bayan na dawo garin nan ya sake tarata, na ce akuyata ta kwance. Duk sanda ya buɗe baki sai in miƙe. Ka ɗauka mantuwa ce?" Sai yanzu ta ɗago ta kalle ni. Idonta a bushe. "So yake ya sauke kayan a kaina ya samu barci. In ce na yafe, ya miƙe ƙafa. A'a. Kawu bindiga gare shi, ni wannan gare ni. Ya riƙe kayansa."

"Tuwon fa? Kullum kina..."

"Wasiyyar Iya ce. Ta ce kada in bar Nababa da yunwa. Ban bar shi ba. Ba ta ce in saurare shi ba."

"Inna, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe."

"Shi Allah ne. Ni Kaltume ce."

Na miƙe. Har na kai bakin zaure na juyo.

"Ya ce akwai maganar da Yahya ya yi kafin ya rasu. Taki ce. Ya hana ni faɗa."

Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwaryar. Na jira. Sai ta ci gaba da murza kalwarta.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗi. Masu dubiya suka ragu, don kowa ya riga ya zo ya yi nasa. Ɗakin ba komai sai tabarma, buzu, fartanya biyu da zangarniyar geron iri a rataye. Ya sa na juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Kaza ta taka kara a waje, sai ya ce, "Ita ce?" Iska ta kaɗa asabari, "Ita ce?" Har na gaji da cewa a'a, na koma girgiza kai. Da magariba kuwa sai mu ji ƙarar kwano a kan turmi, da takun silifas yana komawa. Tsakanin turmin da ƙofarsa bai fi a miƙa hannu ba. Yana ji, ina ji. Tuwon ma ba ya iya haɗiya, amma sai ya sa na ɗauko na ajiye kusa da kansa.

Na zauna da mutanen nan biyu duk tsawon rayuwata ina ganin ba wanda ya kai su zumunci. Ashe kowannensu shi kaɗai yake zaune. Duk garin su biyu ne suka rage da suka san muryar Yahya, kuma ba su taɓa zama sun yi hirarsa ba.

Ran wata Laraba da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, aka kece da ruwan farko, bai ɗauke ba sai asuba. Wanda ya san garinmu ya san abin da ke biyo bayan wannan. Ba a jira. Gari na wayewa maza da mata da yara suka fita, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a ka. Har Munir ya rufe shago.

Na kai masa kunu ina ta kame-kame. Shi ya sallame ni.

"Je ka, laima ba ta jiran kowa. Ɗauki irin can. Ka fara da gonar Yahya, ta gefen ɗorawa."

"Zan dawo kafin rana ta take."

"Ɗaga mini asabarin kaɗan," ya ce.

Ni ina sara, Rahmatu tana binne, muka shuke gonar Yahya muka shiga tamu. Ƙasa ta yi laushi, ko'ina ƙamshi, ana ta kiran juna daga gona zuwa gona ana barka da ruwa. Sai da rana ta fara zafi na bar ta da sauran, na nufo gida.

Garin tsit, sai kukan kurciya. Daga nesa na hango mutum a zaune a kan turmin nan. Inna Kaltume ce, ta yafa mayafin da take zuwa gaisuwa da shi, ƙafafunta duk taɓo. An saki asabarin har ƙasa.

"Ya tafi," ta ce.

Na yi salati, na shiga. An rufe masa ido, an ɗaure haɓa da ƙyalle, an miƙar da hannayensa. Na fito na tsuguna a gabanta.

"Kun gana, Inna?"

Ta girgiza kai.

"Da gari ya watse na fito. Na zo nan, bakin ƙofar nan. Ya ji takuna. Ya ce, 'Kaltume ce?' Na yi shiru. Ya sake cewa, 'Kaltume ce?'" Ta gyara mayafinta. "Zan amsa, Mika'ilu. Wallahi amsawa na zo yi. Sai na rasa da wane suna zan kira shi. Nababa ba shi ba ne. Basiru kuma bakina ya ƙi ɗauka. Ina tsaye ina ta juyawa, sai na ji yana kalmar shahada. Na ce bari ya gama. Da ya gama sai shiru."

Jakinsa yana ɗaure yana kallonmu, ba wanda ya ba shi harawa tun safe.

"Me Yahya ya ce?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

Na yi tunanin alkawarin da na ɗauka. Mai bakin da zai faɗa ya tafi, saƙon kuma nata ne.

"Suna cikin jirgi, kafin a fara harbi, sai ya taɓo shi. Ya ce, 'Basiru, dubi ruwa! Wallahi in na koma gida na ba Kaltume labarin nan, cewa za ta yi ƙarya nake.'"

Ta yi dariya. Dariya ta gaske, irin ta yarinya, har ta rufe baki da mayafi.

"Da kuwa na ƙaryata shi," ta ce. "Yahya da ƙarin gishiri! Ya taɓa ce mini ya ga kura a kasuwar Kunci tana..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dafe cikinta ta sunkuya, kukan ya ƙwace mata. Ban taɓa jin tsohuwa ta yi irin wannan kukan ba, kuma ban san wa take yi wa a cikinsu ba. Ban hana ta ba.

Na aika aka kirawo mutane daga gona. Muka duba ɗakin sama da ƙasa, babu likkafani. Malam Ikrima ya ce Munir ya hau babur ya je Kunci ya sayo yadi, Munir ya ce hanya ta jiƙe, sai dai a yi haƙuri. Ana cikin haka sai ga Rahmatu ta fito daga gidan Inna Kaltume da ƙunshi a leda. Farin yadi ne, yana ƙamshin turare, wanda Inna ta ajiye wa kanta a ƙasan akwati tun shekarar da ta dawo daga Tofa.

"Ta ce a sa masa," in ji Rahmatu. Sai ta matso ta raɗa mini, "Wai in gaya maka, ɗaya bai samu ba, kada ɗayan ma ya rasa. Me take nufi?"

"Tsufa ne," na ce.

Ni da Malam Ikrima muka yi wankan. Da muka zo hannun hagu ya ga tabon, ya dube ni, sai ya ja ƙyalle ya rufe. Abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci a nan yake barinsa, haka muka gada. Ni nake zuba ruwan. Na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ina tarewa da tafin hannu, ban bari ya kwanta masa a fuska ba.

Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, kowa da taɓon gona a ƙafa. Bayan salla Malam ya ce duk wanda Nababa ya yi wa laifi ya yafe masa, aka amsa baki ɗaya an yafe. Mata ba sa zuwa maƙabarta. Ban ji Inna Kaltume ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaye ta ba. Ƙasa ta yi taushi, haƙar ba ta ba mu wuya ba. Kafin la'asar kowa ya koma ya ƙarasa shukarsa.

Da magariba na fito zan kwance jakin in mayar da shi gidana. Sai na ji takun silifas ta bayan darni. Na tsaya a inda ba za ta gan ni ba. Ta fito da kwanon a hannu biyu, ta ɗora shi a kan turmin, ta gyara zaman faifan. Ta juya za ta koma kamar kullum, sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon asabarin.

"Basiru," ta ce a hankali, "ga tuwo."

Ta jawo wani dutse ta zauna a gefen turmin, ta naɗe hannu a cinya. Tururi yana fita ta gefen faifan, har aka kira salla.